"KO MAKAMANCINSA": KALMOMI BIYU DA AKA KUSA SHEKARA 100 ANA RIGIMA A KANSU WAJEN SAYEN KAYAN OFIS NA GWAMNATI

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai a gyara zama.

Duk shekara idan aka kai kasafin kuɗi gaban majalisa, abu ɗaya muke maimaitawa. A ɗauko hoton wani shafi a watsa: ma'aikata kaza za ta sayi kwamfutoci da firinta da injin fotokwafi na miliyan kaza, alhali bara ta saya, bara waccan ma ta saya. Mu yi kwana biyu muna Allah wadai, daga nan a wuce wurin. Kuɗin kawai muke kallo. Amma duk wanda ya san harkar kwangila zai gaya maka cewa sau da yawa an gama rabo tun kafin a zo maganar kuɗi. A nan gizo ke saƙar: takardar da ake siffanta kayan da za a saya.

Ga misali. Ofis yana buƙatar firinta 50. Doka ta ce a tallata, kowa ya kawo tayinsa, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi rangwame. To shi mai rubuta takardar yana da mutuminsa, dilan wani kamfani. Ba sai ya karya doka a fili ba. Ƙasidar tallan kamfanin zai ɗauko ya kwafe: dole firintar ta buga shafi kaza a minti ɗaya, dole akwatin takardarta ya ci kaza, dole nauyinta ya zama kaza, dole maɓallanta su kasance ta gefe kaza. A buga a jarida, a buɗe tayi a gaban kowa, har a ɗauki hoto. 'Yan kwangila goma su shiga, tara su faɗi wai ba su cika sharuɗɗa ba. Tela ya auna mutum ɗaya ya ɗinka riga, sannan aka fito kasuwa ana shela wai duk wanda ta yi wa daidai tasa ce.

Wannan dabara ta daɗe a duniya. Amurka da Turai sun sha fama da ita, kuma yadda suka yi ta kokawa da ita akwai abin dubawa a ciki.

DAGA MOTAR ƊAUKAR KAYA AKA FARA

A 1921 majalisar dokokin Amurka ta kafa wani ofishi mai bin diddigin yadda gwamnati ke kashe kuɗi, wanda ake kira GAO a taƙaice. Aikinsa na asali binciken lissafi ne, kamar na odita janar a wurinmu. Ba a kafa shi don sauraron ƙorafin 'yan kwangila ba. Sai a tsakiyar shekarun 1920 wani kamfanin motoci mai suna Autocar ya rubuta masa takarda yana kuka cewa hukumar da ke kula da mashigin ruwa na Panama za ta sayi motar ɗaukar kaya, amma an tsara siffofin motar yadda samfurin kamfani ɗaya ne kawai zai dace. GAO ya nemi jin ta bakin hukumar, ya duba, a 1926 ya fitar da hukunci cewa wannan tsari bai halatta ba.

Wannan hukunci shi ake ɗauka a matsayin mafarin tsarin ƙorafin kwangila a Amurka. Ku lura da kyau. Ƙarar farko ba ta zargi kowa da cusa kuɗi a aljihu ba. A kan rubutun takarda aka yi ta. Kuma daga irin waɗannan hukunce-hukunce ne ƙa'ida ta zauna: gwamnati ta sayi abin da aikinta ke buƙata, ba abin da ran ma'aikaci ke sha'awa ba. Idan kuma ya zama dole a ambaci sunan wani samfuri don mutane su gane abin da ake nufi, to a biyo shi da kalmomi biyu: "ko makamancinsa".

ZAMANIN TAFIRETA

Matasan yanzu ba za su gane girman tafireta ba. Kafin kwamfuta, ita ce zuciyar ofis. Duk wasiƙa, duk sanarwa, duk takardar albashi, sai ta bi ta hannun mai buga tafireta. Gwamnatin Amurka kuwa tana cikin manyan masu sayenta a duniya.

A 1961 kamfanin IBM ya fito da wata tafireta mai aiki da lantarki mai suna Selectric. Tsofaffin tafiretoci kowane harafi yana kan sandarsa, idan ka yi sauri sanduna su sarƙe. Ita kuwa Selectric duk haruffanta a jikin wani ɗan ƙwallo guda suke, yana juyawa yana buga takarda. In kana son canza salon rubutu, sai ka cire ƙwallon ka sa wani. A 1973 aka ƙara mata dabarar goge kuskure. Sakatarori suka so ta matuƙa. An kai lokacin da wajen kashi 75 cikin 100 na kasuwar tafiretocin lantarki na ofisoshi a Amurka tana hannunta, kuma zuwa 1986 an sayar da fiye da miliyan 13.

To a nan matsalar take. Akwai wasu masu ƙera tafireta irin su Olivetti da Royal da Remington da Smith-Corona, su ma suna son cin kasuwar gwamnati. Ma'aikacin da ke son IBM ba sai ya rubuta IBM ba. Ya isa ya jero siffofin da a lokacin ita kaɗai ke da su, magana ta ƙare. Shi ya sa a shekarun 1970 da 1980 GAO ya yi ta karɓar koke daga masu sayar da tafireta da injin kwafi da sauran kayan ofis, kuma kukan kusan iri ɗaya ne: an matse sharuɗɗa don a fitar da mu.

Amma fa a yi adalci, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kowane matsi ne maguɗi ba. Ofishin da ke da tafireta 300 iri ɗaya, ya tara ribin da ƙwallaye da kayan gyaransu a sito, ya horar da makanikai a kansu, yana da hujja idan ya ce ba ya son a kawo masa baƙuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. GAO ma ya yarda da haka, shi ya sa ba kowane mai ƙara ke yin nasara ba, da yawa ma faɗuwa suke yi. Ma'aunin da ya tsaya a kai shi ne: idan aka ƙalubalanci wani sharaɗi, ma'aikatar ce za ta fara nuna cewa sharaɗin yana da alaƙa da ainihin buƙatar aikinta. In ta kawo dalili mai ma'ana, an bar ta. In dalilin bai wuce "mun saba da ita" ko "oga ita yake so" ba, a sake rubutu.

Sannan an gano cewa rubuta "ko makamancinsa" shi kaɗai bai isa ba. Mai wayo zai rubuta kalmomin, idan aka kawo makamancin ya ce bai yi kama ba, saboda launi ko wani ɗan maɓalli. Don haka ƙa'idar sayayya ta gwamnatin Amurka ta ce duk wanda ya ambaci suna, dole ya lissafa muhimman siffofin da makamancin zai cika, kuma da su kaɗai za a auna shi. Ba a canza mudu bayan an fara awo.

LOKACIN DA MAJALISA TA SHIGO

Da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi, kuɗin ya ninka, rigimar ma ta ninka. A shekarun 1960 IBM ce ke riƙe da kasuwar manyan kwamfutoci, kuma ma'aikatar da ta fara da ita da wuya ta fita, domin duk manhajarta da bayananta a kanta aka gina su. Wani ɗan majalisa daga jihar Teksas, Jack Brooks, ya tsaya kai da fata har aka yi doka a 1965 da ake kira da sunansa, wadda ta ɗora kula da sayen kwamfutocin gwamnati a kan hukuma guda, GSA, don a tilasta gasa. Dokar ta yi aiki har 1996 kafin a soke ta.

Babban sauyi ya zo a 1984, da aka yi dokar gasa a kwangilolin gwamnati. Ta ce a buɗe gasa ga kowa, kuma kada a sa sharaɗi mai matsi sai gwargwadon abin da buƙatar ma'aikata ta tilasta ko doka ta yarda. Ta kuma ba GAO hurumin sauraron ƙorafi a rubuce, bayan ya shafe kusan shekara 60 yana yi bisa al'ada. Abin da ya fi ba dokar haƙori shi ne, idan aka shigar da ƙara a kan lokaci, a bisa ƙa'ida ana dakatar da ba da kwangilar har a yanke hukunci. A yau GAO na da kwana 100 ya yanke.

Akwai kuma wata ƙa'ida da nake so 'yan kwangilarmu su riƙe da kyau. A tsarin GAO, idan aibin a bayyane yake a cikin takardar talla, dole ka yi ƙorafi kafin a rufe karɓar tayi. Ba za ka ga an ɗinka rigar wani ba, ka yi shiru ka shiga ko Allah zai sa ta yi maka, sai da ka faɗi ka dawo kana kuka. Wannan ihu bayan hari ne, ba za a saurare ka ba.

AN GUDU BA A TSIRA BA

Kada ku ɗauka daga nan komai ya daidaita. Tsoron a ce an fifita wani kamfani ya sa ma'aikata suka koma rubuta wa kowane ƙaramin abu siffofi na gwamnati, dalla-dalla, shafi bayan shafi. Wanda ya fi shahara shi ne farantin zuba tokar sigari na kan tebur. Takardar siffanta shi shafi tara ce, har da yadda za a gwada shi: a buge shi da guduma, kada ya fashe gida fiye da 35. A watan Satumba 1993 mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ya je shirin talabijin na David Letterman, ya sa tabarau na kariya, ya fasa farantin a gaban jama'a don ya nuna inda abin ya kai.

Abin dariya ne, amma akwai hasara a ciki. Kamfanin da ke sayar da kayansa a kasuwa lafiya lau ba zai tsaya sake ƙira don shafi tara ba. Sai fagen ya rage wa 'yan ƙalilan da suka ƙware a karanta takardun gwamnati, su kuma su tsuga kuɗi. Wato yawan sharuɗɗa ma wata hanyar korar mutane ce, ko da ba a ambaci sunan kowa ba. A 1994 aka yi wata doka da ta ce a fifita sayen kayan da ake samu a kasuwa, kuma a riƙa faɗin aikin da ake so kaya ya yi maimakon koya wa maƙeri ƙira.

TURAI DA RIGIMAR INTEL

A Turai abin ya ƙara nauyi, domin sharaɗi mai matsi yana iya zama katangar hana kamfanonin wata ƙasa shiga kasuwar wata. A ranar 24 ga Janairu 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan ƙasar Holan. Wata hukumar sayayya a can ta tallata kwangilar tashar nazarin yanayi, ta ce manhajar da za ta tafiyar da kwamfutar UNIX ce, ba ta ƙara "ko makamancinsa" ba. Holan ta kare kanta da cewa ai kowa a harkar ya san abin da ake nufi. Kotu ta ce UNIX sunan samfuri ne, rashin waɗannan kalmomi na iya hana masu wani tsarin shiga, don haka an saɓa doka.

Sai kuma 2004. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, kuma manyan masu ƙera ta biyu ne, Intel da AMD. Hukumomi da yawa idan za su sayi kwamfuta sai su rubuta dole ƙwaƙwalwarta ta zama Intel. Wasu masu dabara ba sa ambatar suna, sai su sa wani adadin saurin bugawa, abin da ake aunawa da gigahaz. A lokacin kayan Intel sun fi yawan wannan lamba, alhali na AMD na iya yin aiki daidai da su da lamba ƙasa da haka. Kun ga lamba ce a fili, amma suna ne a ɓoye. Hukumar Tarayyar Turai ta tuhumi Italiya da Jamus a farkon shekarar, a watan Oktoba ta ƙara da Faransa da Holan da Finlan da Suwidin. Matsayinta shi ne a auna kwamfuta da gwajin aikin da take yi.

Amurka ma abin bai bar ta ba. A watan Afrilu 2005 ofishin kasafi na fadar White House ya aika wa ma'aikatu takarda yana nuna damuwa kan yawaitar ambaton sunan samfuri, musamman a sayen kwamfuta, ya ce duk wanda zai ambaci suna ya wallafa hujjarsa tare da tallan, kowa ya gani.

GOOGLE TA KAI GWAMNATI KOTU

Misali na ƙarshe ya fi kusa da zamaninmu. A 2010 ma'aikatar harkokin cikin gida ta Amurka ta so ta haɗa imel ɗin ma'aikatanta kusan 88,000 wuri guda, kwangilar da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 59 a shekara biyar. Sai ta rubuta cewa tsarin Microsoft kaɗai za a karɓa, ta kafa hujja da tsaro. Google da dilanta Onix suka garzaya kotu a watan Oktoba. A Janairu 2011 mai shari'a Susan Braden ta dakatar da kwangilar, saboda ba a bi matakan da doka ta gindaya kafin a taƙaita gasa ba. Ma'aikatar ta sake buɗe fage, a 2012 Onix ta ci kwangilar da tsarin Google a kan kusan dala miliyan 35 na shekara bakwai.

Ba ina cewa Google waliyyiya ba ce, ita ma kasuwa take nema. Amma ku dubi lambobin nan biyu ku ga abin da buɗe ƙofa ke iya jawowa. Ku kuma lura da wanda ya tona: abokin hamayya. A duk labaran nan, daga Autocar har Google, wanda aka rufe wa ƙofa ne ya yi ƙara, domin shi ya san kayan, shi zai kalli takarda ya gane rigar wa aka ɗinka. Odita yakan zo ne bayan an ci an sha an wanke hannu.

TO MU FA?

A Nijeriya gyaran harkar kwangila ya fara ne zamanin Obasanjo da ofishin bin ƙa'ida da Oby Ezekwesili ta jagoranta, sannan a watan Yuni 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayayyar gwamnati da ta kafa hukumar BPP. An gina dokar a kan samfurin dokar sayayya na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1994, wanda shi ma ya hana ambaton sunan samfuri sai in babu wata hanyar bayani, kuma a haɗa da "ko makamancinsa". Jihohi da dama sun yi nasu dokokin daga baya.

Dokar ta 2007 ta ba ɗan kwangila hanyar kuka a sashe na 54. Ka fara rubuta wa shugaban ma'aikatar da ke da alhakin kuɗi cikin kwanakin aiki 15 daga lokacin da ka san da matsalar. Shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya amsa. In bai amsa ba ko ba ka gamsu ba, kana da kwanakin aiki 10 ka kai wa BPP, ita kuma ta yanke cikin kwanakin aiki 21. In har yanzu da saura, sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takarda daga ma'aikata, a amsa masa cikin kwana bakwai.

Hanya dai ga ta nan a rubuce. Matsalar ita ce ɗan kwangilarmu yana tsoron in ya yi ƙara yau, gobe ba zai sake ganin ko kwangilar tsintsiya ba. Sai ya haɗiye, ya je ya nemi nasa mutumin a wani ofishin. Haka kowa ke ɗinka wa nasa, kuɗin talaka na tafiya.

Kuma ina fahimtar ma'aikacin kirki da ke rubuta sunan kamfani da kyakkyawar niyya. Kasuwarmu cike take da jabu. Ya taɓa ganin an kawo firinta mai araha, bayan wata uku babu tawadarta a duk garin, babu mai gyara, ta zama matattarar ƙura. Araha ba ta ado. Amma maganin wannan a rubuta shi a fili: garanti na shekara kaza, wurin gyara a cikin jiha, tabbacin samun tawada da kayan gyara, kuɗin buga kowane shafi, jure wutar janareta. Duk kamfanin da ya cika, bisimilla. Ai wannan ya fi suna kare ofis, domin sunan ma ana buga shi a jikin jabu.

Akwai kuma bambanci tsakanin fifikon da aka yi shela da wanda aka ɓoye. A watan Mayu 2017 Yemi Osinbajo, yana riƙon ƙwarya, ya sa hannu a umarnin da ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatu ke kashewa a wasu kayayyaki, har da kujeru da tebura da kayan rubutu, ya tafi ga kayan gida. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, manufa ce da aka faɗa a bainar jama'a, kafintan Kano da na Aba duk sun san da ita. Wanda ake ɓoyewa a layi na 17 na takardar siffa, mutum ɗaya kawai ya san da shi.

Don haka 'yan jarida da ƙungiyoyin sa ido da ku masu bibiyar kasafi, idan kun ga an ware miliyoyi don kayan ofis, kada ku tsaya a kan adadin. Ku nemi takardar tallan ku yi mata tambaya huɗu. An ambaci sunan kamfani? In an ambata, an ce "ko makamancinsa", kuma an faɗi siffofin da za a auna makamancin da su? Kamfani nawa ne a kasuwa kayansu za su iya cika waɗannan sharuɗɗa? In ɗaya ne tak, ina rubutacciyar hujja, wa ya sa mata hannu?

'Yan kwangila kuma, musamman masu ƙungiya, ku daina jira sai an buɗe tayi. Ranar da talla ta fito ita ce ranar magana, kuma idan ƙungiya ce ta rubuta, ba a iya ware mutum ɗaya a huce a kansa. Tun ran gini tun ran zane.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tambaya. Wanda ya taɓa aiki a sashen sayayya ko ya taɓa neman irin wannan kwangila, muna son jin yadda abin yake a wurinku.